Baƙi mai sheƙi ko launin katako?

Jiya bayan Hajiyar nan ta tafi ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ta baƙin fenti mai sheƙi a kan sifikun da za mu haɗa wa 'yarta, alhali shi ta zo tana so, kuma ya fi kuɗi. Ka ƙara da cewa kana jin mutane na faɗin wai baƙin akwati ya fi fitar da bas, wato amon nan mai kauri na ƙasa. A lokacin hannuna duk gam ne, shi ya sa ban amsa maka ba. Jawo benci ka zauna, ɗana, tambayar ta cancanci a zauna mata.

Maganar bas ɗin nan ka cire ta daga ranka tun yau. Sauti ba ya ganin launi. Abin da ke sa akwati ya yi amo mai daɗi shi ne girman cikinsa, da kaurin katakon, da sandunan da muka tokare bangwayensa da su ta ciki, da toshe duk wata kafar da iska za ta tsere. Ka yanka MDF, allon nan na garin katako da aka matse da gam, mai kaurin milimita 18, ka haɗa akwati biyu iri ɗaya, ɗaya ka yi masa fari ɗaya baƙi, ka ɗaure wa mutum ido ka kunna masa, ba zai bambance su ba. Abin da ya sa jama'a ke ganin haka shi ne manyan sifikun da ake kai wa wurin biki da wa'azi kusan duk baƙaƙe ne, sai ido ya haɗa baƙi da ƙarfi. Su kuwa an yi su baƙi ne don kada su ja hankali a fili, kuma kafet ko fenti mai kaushi da aka lulluɓe su da shi yana ɓoye ƙwarzanen lodi da saukewa.

Wuri biyu ne kawai fenti ke taɓa sauti, kuma a duka biyun ɓarna yake yi. Na farko takardar sifikar kanta, wadda ke motsi ta fitar da sauti. Kada wani ya taɓa sa ka fesa mata fenti don ta dace da labulen ɗakinsa. Nauyinta a aune yake, ka ƙara mata nauyi ta daina motsi yadda aka tsara ta, muryar ta dushe. Na biyu ƙyallen fuska. In ya yi kauri, ko fenti ya toshe ramukan ragar, tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ita ce ke shan wahala, siririn amon nan na sama sai ya ɓace. Kafin ka manna kowane ƙyalle, ɗaga shi ka dubi haske ta cikinsa, ka kuma hura shi da baki. In iska ba ta wuce cikin sauƙi ba, ajiye shi.

Shi launi yayi ne, yana zuwa yana wucewa. A shekarun 1970, amfilifaya da rediyon Pioneer da Sansui da Marantz fuskarsu fara ce sol ta alminiyon, jikinsu kuma katako. Kamfanin JBL ma ya fitar da wata sifika, L100, a 1970, da soson fuska ruwan lemo ko shuɗi, aka yi ta rububinta. Da aka shiga shekarun 1980 sai komai ya koma baƙi. Yamaha NS-10 da ta fito a 1978 baƙin akwati ce da farar takarda, ta cika ɗakunan naɗar waƙa a duniya, kuma masu aikin sun riƙe ta ne don yadda take tona asirin kuskure a cikin sauti. Yau ka shiga Sabon Gari za ka ga baƙi mai sheƙi da fitilu masu walƙiya ne ke ci, gobe wani ne.

To me ya sa na hana Hajiya? Saboda na san inda kayan za su zauna. Ita ta gan su ne a shago, ƙarƙashin fitila, yaron shago na goge su safe da yamma. Ɗakin amarya kuwa daban ne. Da hunturu ya shigo, daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, ka goge baƙi mai sheƙi da hantsi, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kansa da yatsa. Babu launin da ke nuna ƙura kamar baƙi, babu kuma fuskar da ke nuna ƙwarzane kamar mai sheƙi. Ƙurar nan ba gari ba ce, akwai ɓarɓashin yashi a cikinta. Duk lokacin da amarya ta ja busasshen tsumma a kai, samfefa take yi masa ba ta sani ba. Wata uku, in hasken taga ya faɗa a kai, sai ka ga zane-zane a zagaye kamar saƙar gizo. Ga shatin yatsun 'yan ganin ɗaki, kowa da mai a hannunsa.

Na taɓa yi wa wani bawan Allah irin wannan aikin, kwana tara ina kansa, har ina ganin fuskata a jiki. Ban gaya masa yadda ake kula da shi ba. Bayan sallah ya dawo da su ransa a ɓace, yana cewa fentina ba shi da kyau. Fentin lafiyarsa ƙalau, goge shi aka riƙa yi da tsohon tawul. Abin ya tsaya mini a rai, domin haƙƙinsa ne in faɗa masa tun kafin in karɓi kuɗinsa.

Fari ma da nasa. Yana ɓoye ƙura fiye da baƙi, amma ɗakin da ake kunna turaren wuta kullum, hayaƙin na bin jikinsa har ya koma ruwan ƙwai, musamman saman akwatin da ƙyallen fuska. Shi ya sa a ɗakin mata na fi son launin katako, irin jan madaci ɗin nan, ko ruwan toka marar sheƙi. Ƙurarmu ja-ja ce, tana sajewa da su, kuma suna tafiya da yawancin gado da kujeru. Sai dai in ka ji na ce madaci, ba ina nufin ka haɗa akwatin da gundarin katako ba. Gundarin katako na kumbura da damina, ya tsuke da rani, ya tsage a mahaɗa, iska ta samu hanya. Siririn fallen katako ko fomeka za ka manna a kan MDF.

In kuwa mai kaya ya ji duk wannan ya ce shi dai mai sheƙi yake so, kuɗinsa ne, ka yi masa, amma ka yi shi yadda ya kamata. Sheƙi ba ya rufa wa kowa asiri, duk ramin ƙusa da layin gam sai ya fito da shi. Bakin MDF da aka yanka yana shan fenti kamar soso, don haka ka fara shafe shi da gam da aka sirka da ruwa, ya bushe. Sannan samfefa mai lamba 120, ka bi da 220, ka fesa fentin ƙasa, ka sake bi da 400. Fenti kuma shafi-shafi, siriri, kowane ya bushe kafin na gaba. A ƙarshe ka goge da 1000 har 2000 da ruwa, sannan man sheƙi. Da hunturu ka yi feshi da sassafe, ka yayyafa ruwa a ƙasa tukuna don ƙura ta kwanta. Ranar da hadari ya haɗu kuwa kada ka fesa, laimar iska na sa shi ya yi fari-fari kamar hazo.

Kada ka manta da ƙafa. Ko wane launi ne, ka sa masa ƙafafun roba, domin ruwan goge ɗaki in ya taɓa gindin MDF kumbura yake, fentin ya ɓare. Ka kuma roƙi amarya kada ta lulluɓe amfilifaya da leshi don ado. Ramukan samansa na fitar zafi ne.

Hajiya ta ce za ta dawo jibi da la'asar. Gobe ka yanko guntaye uku, ɗaya ka yi masa baƙi mai sheƙi, ɗaya ruwan toka marar sheƙi, ɗaya ka manna masa fallen madaci. Jibi da safe ka jera su a bakin ƙofar shago, kada ka goge ko ɗaya. In ta iso, kai za ka nuna mata su, ni zan tsaya a gefe ina jin bayaninka.