Mutanen gari sun ɗauka rajistar tallafi nake yi, in bar su a haka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu, ina bincike kan yadda matan da mazansu suka rasu suke ciyar da marayu, a wani gari cikin Jigawa. Jami'a ta amince, na kai gaisuwa wurin hakimi da dagaci. Sai ga labari ya bazu wai sunayen masu tallafi nake ɗauka. Yanzu mata na cika ƙofar gidan da na sauka, wasu da katin zaɓe, wasu da lambar BVN a takarda. Yaron da ke yi mini jagora ya ce in ja bakina, don in na ce ba tallafi ba ne ba wadda za ta saurare ni. Ban yi wa kowa alkawari ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki ajiye takardun tambayoyin nan yau, kada ki sake zama da kowa sai an gyara maganar a bainar jama'a.

Shawarar jagoranki ba shi ya ƙago ta ba. Ita ce ke yawo a bakin masu tattara bayanai da yawa, har da waɗanda suka girme shi a aikin: "Ai ba mu ce za a ba su komai ba, su suka ɗauka." Wannan wayo ne maras kan gado. Kin san abin da ya kawo matar nan, kin san babu shi, kika bar ta ta zauna ta kwance miki sirrin gidanta. Amincewar da ta yi da abin da take zato ta yi, ba da bincikenki ba. Ko ta dangwala yatsa sau goma a takardar yarda, babu yarda a wurin.

In ma an ajiye maganar hakki gefe, bayanan da za ki kwasa sun lalace tun kafin ki zuba su a kwamfuta. Wadda take ganin amsarta ce za ta sa a saka ta ko a cire ta, ba za ta faɗi abin da zai cire ta ba, kuma babu mai ganin laifinta. Marayu huɗu sai su zama bakwai, don an haɗa da 'ya'yan kishiya da na ƙanwa. Awaki uku da ke turke sai su kwana gidan maƙwabciya. Adashen da take zubawa, da ɗan abin da ɗanta ke aikowa daga Legas, da ƙosan da take soyawa da safe, duk sai su ɓace. To waɗannan fa su ne bincikenki: yadda suke ciyar da marayu. Kin kashe abin da kika je nema da hannunki. Za kuma ki ga zawarawan da saki ya raba su da aure sun shigo a matsayin matan mamata, ga masu ƙafa a gidan mai unguwa a gaban layi, alhali wadda ke takaba, ko wadda kunya ta hana ta fitowa, ba za ki ji ɗuriyarta ba.

Kada ki ce mutanen sun cika kwaɗayi. Suna da dalili. Rajistar talakawa ta ƙasa da aka soma a 2016 haka ta riƙa tafiya a lokacin: baƙi su zo, a tara maza daban, mata daban, matasa daban, a rubuta sunayen gidaje, daga baya wasu su fara karɓar naira 5,000 ta kowane wata. Wanda ya ga haka da idonsa, in ya ga baƙuwa da biro da takarda tana tambayar marayu nawa, me zai ɗauka?

Ke za ki tattara ki koma makaranta, jagoranki da mai unguwa suna nan. Bayan wata shida, in an ga shiru, su za a ce sun cinye kuɗin marayu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ba ke za ki faɗa ciki ba. Abin kuma ba ya tsayawa a kanku. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya haɗa da yara kusan 200. Sha ɗaya sun rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Da aka zo ƙin rigakafin shan inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi. Naki bai kai wannan girma ba, amma mai zuwa bayanki, ko ma'aikaciyar lafiya ce, ita za ta biya bashin.

Ki koma wurin dagaci ki gaya masa abin da ke faruwa, ki roƙi a sa mai shela ya zaga, liman kuma ya faɗa bayan Juma'a. Maganar ta zama gajera: ɗaliba ce, karatu take yi, ba gwamnati ko ƙungiya ta aiko ta ba, babu kuɗi ko abinci da zai biyo baya, wadda ba ta so ba laifi. Mata da yawa ba za su ji daga masallaci ba, don haka ki bi ta makarantar Islamiyyar matan aure da ungozoma. Ki maimaita wa kowace mace wannan da bakinki kafin tambaya ta farko, ki ce ta faɗa miki yadda ta fahimta. Takardar yarda mai shafi huɗu da Turanci da kwamitin jami'a ya buga wa hatimi, ta cika sharaɗin ofis ne kawai. Ki mayar da ita Hausar da matan suke ji, a karanta musu. Izinin dagaci kuwa na shiga gari ne, bai zama izinin ko mace ɗaya ba.

Ki daina zama wuri ɗaya ana zuwa miki, layi shi ke haifar da jita-jita. Ki haɗa jerin matan tare da masu unguwanni da wasu dattijan mata biyu ko uku, don kada ya zama na mutum ɗaya, ki zaɓi adadin da kike so ta hanyar ƙuri'a a gaban shaidu, sannan ki bi su gida. Ki guji ranar kasuwa. Mai takaba ki ba ta uzuri, in za ki iya ki jira ta cika wata huɗu da kwana goma.

Kada ki taɓa BVN ko lambar NIN ta kowa, bincikenki bai buƙace su ba. Ki ma ja musu kunne, don 'yan damfara da sunan tallafi suke karɓar waɗannan lambobi, wasu har da kuɗin fom. Sunaye su zauna a takarda daban, amsoshi su ɗauki lamba kawai. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hau kanki kamar yadda ta hau kan kamfanoni. In za ki ba da sabulu ko makamancinsa, ki ba kowacce daidai, ki ce na godiya ne saboda lokacinta, ko da ta tsaya a tsakiyar hira.

Waɗanda kika riga kika yi hira da su, ki koma ki gaya musu gaskiya, ki tambaye su ko har yanzu sun yarda. Wadda ta janye, ki cire takardarta. Sauran ki sa musu alama, ki sanar da malamin da ke duba aikinki, ku yanke ko za a sake hirar ko a ware su. Wasu za su juya miki baya bayan shela, tabbas. Ki ƙara mako ɗaya ko biyu a kan lokacin da kika tsara, ki kuma nemi dagaci ya sa ranar da za ki dawo ki gaya wa matan abin da binciken ya gano.