Tsuntsaye sun yi sheƙa a filin da muke gini: mu tashe su ko mu jira?

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni ne mai kula da ma'aikata a wani filin da ake gina gidaje. Akwai tulin yashi da katafila ta yanki gefensa ya tsaya kamar bango, muka bar shi sati uku. Yanzu wasu ƙananan tsuntsaye masu kama da tsattsewa sun haƙa ramuka fiye da ashirin a jikinsa, suna shiga suna fita. Ga kuma layin bishiyoyi da za mu sare mako mai zuwa. Ɗan kwangila ya ce mu toshe ramukan da daddare, ko mu kwashe ƙwan mu kai wani wuri. Hankalina bai kwanta ba. Me doka ta ce, kuma yaya zan yi aikin bai tsaya ba?

Amsa: Malam, kada ka toshe ramukan nan, kada kuma ka taɓa ƙwan. Tsuntsun da ke shiga rami yana fita ko dai yana gina sheƙa, ko ya riga ya fara kwanci, ko yana ciyar da 'ya'ya. Ramin da irin waɗannan tsuntsaye ke haƙa yakan kai rabin mita zuwa mita ɗaya, sheƙar tana can ƙurya. Da daddare uwar tana ciki. Wanda ya toshe bakin ramin a wannan lokaci ya binne ta da ranta ke nan tare da abin da ke ƙarƙashinta.

Kwashe ƙwai ma ba ya cetonsu, duk da cewa mutane da yawa da kyakkyawar niyya suke ba da wannan shawara. Tsuntsu wurin sheƙarsa ya sani, wurin yake komawa. In ka ɗauke ƙwan ka ajiye nesa kaɗan, iyayen za su yi ta shawagi a bakin tsohon ramin, ƙwan kuwa ya huce ya mutu. 'Ya'yan da ba su yi gashi ba sun fi haka rauni, domin a kwanakin farko ɗumin jikin uwa ne ke riƙe da su, kuma ana kawo musu ƙwari tun asuba har faɗuwar rana.

Ba ka faɗi ƙasar da kake aiki ba, doka kuwa ta kowace ƙasa daban ce, don haka ka nemi hukumar kula da namun daji ko ta muhalli ta inda kake, ka kuma duba takardar izinin gininku, domin sau da yawa a nan ake rubuta sharaɗin lokacin sare itatuwa. Amma manyan dokokin da aka sani duk sun haɗu a kan abu ɗaya: sheƙar da ake amfani da ita ba a taɓa ta. A Ingila da Wales, dokar namun daji da karkara ta 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsun daji da gangan tun daga lokacin da ya fara gina ta, hukuncin kuma yana iya kaiwa ɗaurin wata shida ko tarar da ba a ƙayyade iyakarta ba. Akwai jerin tsuntsayen da ko firgita su kusa da sheƙa laifi ne, har da farar mujiya mai zama a tsofaffin gine-gine. Ƙasashen Tarayyar Turai suna bin ƙa'idar kare tsuntsaye ta 1979. A Amurka, dokar tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta shafi nau'i fiye da dubu, ita kuma sheƙar gaggafa wata doka ta 1940 ta kare ta ko babu kowa a cikinta. Abin da 'yan kwangila ba sa son ji shi ne, izinin gini bai zama izinin rushe sheƙa ba. A Ingila ma ba a ba da lasisin cire sheƙar tsuntsu don kawai aiki ya yi sauri.

Abin yi gobe da safe mai sauƙi ne. Ka kewaye gefen tulin da shinge ko igiya mai launi, ka hana katafila da motocin yashi matsowa, domin girgizar inji kaɗai tana iya ruguza ramin yashi. Ga tsuntsayen da ba su da kariya ta musamman, masana kan fara da tazarar mita biyar, amma bangon yashi na bukatar fiye da haka, mujiya da shaho kuwa sun fi kowa bukatar nisa. Ka tara ma'aikata ka gaya musu, har da direbobin da ke zuwa su tafi, tunda su ne ba su san abin da ke wurin ba. Ka ɗauki hoto, ka rubuta ranar da aka gano ramukan da matakin da ka ɗauka. Sannan ka kira masanin muhalli ya zo ya gane nau'in tsuntsun ya yanka muku tazara.

Jiran yana da iyaka, kuma wannan lissafi ne za ka kai wa ɗan kwangila. Waɗannan masu haƙa yashi sukan yi kwanci kamar sati biyu, 'ya'yan su yi kamar sati uku kafin su tashi. Sai dai tsuntsayen gayya ne, ba rana ɗaya suka fara ba, kuma da yawa sukan sake yin ƙwai karo na biyu, don haka mai yiwuwa gefen tulin nan ya fita daga hannunku har ƙarshen lokacin haihuwarsu. Ku sayo wani yashin, ko ku ɗiba daga can bayan tulin in masanin ya amince. Kuɗin 'yan motocin yashi bai kai asarar a dakatar da fili gaba ɗaya ba. Da farar mujiya kuka samu a cikin rufi, da jiran ya kai wata uku, domin kwancinta kusan wata guda ne, 'ya'yanta kuma sukan yi wata biyu kafin su iya tashi.

Batun bishiyoyin ya fi damuna, domin ramuka a yashi kowa na ganinsu, sheƙar da ke cikin ganye kuwa ko gwani sai ya tsaya ya sa ido. A Birtaniya ana ɗaukar Maris zuwa Agusta a matsayin lokacin haihuwar tsuntsaye, shi ya sa masu tsara aiki ke kammala sara tsakanin Satumba da Fabrairu. A wasu yankunan duniya ruwan sama ne ke tsara lokacin, kurciya da tattabara kuwa suna iya yin ƙwai a kowane wata. In dole ne a yi sara yanzu, masanin ya bincika layin a cikin kwana ɗaya ko biyu kafin a fara, binciken da ya wuce haka ya tsufa, tunda ƙaramin tsuntsu yana iya kammala sheƙa cikin 'yan kwanaki. Inda aka ga sheƙa a tsallake wannan bishiyar da na kusa da ita. Ku sa ido ga tsuntsun da ke ɗauke da ciyawa ko tsutsa a baki, da wanda ke kururuwa idan an matso.

Za a iya ba ka shawarar rufe bishiyoyi da raga. Ni ba na goyon bayanta. Raga takan yage, tsuntsu ya shiga ya kasa fita, ko ta sarƙe masa ƙafa. A 2019 an lulluɓe gangaren yashi na bakin teku a Bacton, cikin yankin Norfolk na Ingila, da raga, daidai lokacin da irin tsuntsayenka suka dawo daga Afirka suka tarar an rufe ramukansu. Jama'a suka yi ca, har aka cire ragar da ke saman gangaren.

Duk wannan da an kauce masa da aikin rabin sa'a. Tsuntsun nan bango mai tsaye yake nema, domin abin da zai ci ƙwansa ba ya iya hawa. Da direban katafila ya kwantar da gefen tulin kafin a tashi aiki, ko an rufe shi da tamfol, da ba su sauka ba. Ka sa a yi wa sauran tulunan haka yau, bayan ka tabbatar babu rami ko ɗaya a jikinsu. Haka filin tsakuwa da aka share aka bari: tsuntsaye dangin zakaran ƙeƙuwa a ƙasa suke zuba ƙwai masu launin tsakuwa, in ka ga ɗaya yana jan fiffike kamar ya karye, janye ka yake yi daga sheƙarsa. Injin da ya kwana uku ba a tayar ba, a leƙa cikinsa kafin a murza makulli, a kuma toshe bakin bututu da kafofin rufi tun ranar da aka kafa su.