Ina Matan Darfur Ke Haihuwa a Cikin Wannan Yaƙi?

'Yar'uwa, kin tambaya ko mai ciki a Darfur tana samun asibiti. Gaskiya da ƙyar. Tun da sojojin Sudan da dakarun rundunar RSF mai adawa da su suka fara gwabzawa a Afrilun 2023, asibitoci da yawa sun rufe, ma'aikata sun tsere. A El Fasher, babban birnin Darfur ta Arewa, a 2024 Asibitin Saudiyya ne ya rage yana yi wa mata tiyata, shi ma aka yi ta kai masa hari. Mace ta fara naƙuda cikin dare, jini ya ɓalle, ga shingen 'yan bindiga, ga babu man mota. A nan ake rasa ta. Wadda ta tsallaka zuwa garin Adre a Chadi ta ɗan dace, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna karɓar haihuwa. Da yawa daga cikin sauran kuwa sai ungozoma.