Saniya mai ƙiba ta ƙi abinci bayan haihuwa

Tambaya: Malam, kwana goma ke nan da saniyata ta haihu. Kafin nan ta yi ɓulɓul, kowa na yaba ta. Yanzu ta ƙi hatsi, sai ɗan tsinken ciyawa take ci, nono ya ja baya, bakinta na wari irin na ruwan goge farce. Tsutsar ciki ce?

Amsa: Ban ga alamar tsutsa ba, Malam, ƙibar da ake yabawa nake zargi. Da saniya ta haihu, nono yana cin ƙarfin da ya fi abin da take samu a abinci, sai jiki ya fara narka kitsensa yana turawa hanta. A cikin ƙwayoyin hanta akwai ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya, a nan ake ƙona kitse ya zama ƙarfi. Amma kitse ba ya shiga kai tsaye. Akwai wani furotin mai suna CPT1 a bangon murhun, shi ke haɗa kitsen da sinadarin kanitin kafin ya samu wucewa.

In kitsen ya yi wa hanta yawa, wanda ya shiga ba ya ƙonewa duka, sai ya koma sinadaran kiton, su ne warin da kake ji. Wanda ya rage a wajen murhun kuma ya taru a hanta. Hantar shanu ba ta iya fitar da kitse da sauri, don haka takan kumbura, ta yi ɗorawa-ɗorawa, ta yi maiƙo a wuƙa in an yanka.

Ka kira likitan dabbobi ya gwada jini. Kiton da ya kai milimol 1.2 a kowace lita ta jini ya nuna ciwon yawan kiton ya kama, ko da alamu ba su fito ba. Akan ɗura mata wani ruwan magani mai suna furofilin gilaikol mililita 300 kullum, kwana 3 zuwa 5. In ta kwanta ko tana tangaɗi, sai ruwan sukari (gulukos) ta jijiya. Ka ajiye mata ciyawa mai kyau da ruwa, kada ta yi gogayya da sauran a wurin ci.

A ciki na gaba, tun a ƙarshen tatsa za ka lura da jikinta, ta haihu da maki 3 zuwa 3.25 cikin 5 a ma'aunin ƙibar jiki. Kada ka ce za ka ramar da ita da yunwa gab da haihuwa, hakan shi ke ingiza kitsen zuwa hanta.

Tambaya: Tumaki ma suna yi?

Amsa: Suna yi, amma nasu kafin haihuwa ne, a makonni shida na ƙarshe, musamman tunkiya mai ɗauke da tagwaye. In ta ware daga garke tana cizon haƙora, a duba ta a ranar.