Fili a bakin titin Kano zuwa Zariya: in gina shaguna ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Kwanar Ɗangora. Na sayar da shinkafar rani na haɗa naira miliyan biyu. Muna da filin gado a bakin babban titi, motoci ba sa yankewa dare da rana. Ina so in gina shaguna uku, in zuba kayan masarufi a ɗaya, in ba da hayar biyu. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya albarka. Amma Alhaji, kada ka sayi bulo tukuna.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Motar da ta wuce ka a guje ba ta ma san kana wurin ba, kuma tun da aka sabunta wannan ɓangare na hanyar Abuja zuwa Kano, aikin da aka fara a 2018, direbobi ƙara wuta suke yi. Ka ɗauki littafi da biro ka zauna a filin nan kwana bakwai, har da Juma'a da ranar kasuwarku. Duk motar da ta tsaya kusa, ka rubuta irinta, da lokacin, da abin da ya tsayar da ita. Za ka tarar dalilan ba su da yawa: salla, kama ruwa, yunwa, ko taya ta yi faci. Tumatir ne ya tara jama'a a Kwanar Gafan, kwanan tireloli ne ya raya Mararrabar Jos. Shaguna daga baya suka biyo.

Ba ka faɗa mini a wane hannu filin yake ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a tagwayen hanya. Masu fita daga Kano zuwa Kaduna da Abuja su ne masu sayen tsaraba, don sun san farashin albasa da shinkafar gida a can. Masu shigowa kuwa sun ƙosa su isa gida, ga kasuwannin Dawanau da 'Yankaba a gabansu. Babu direban da zai je ya yi kwana ya dawo saboda kai.

Sannan ka auna filin. Kimanin mita 45 daga tsakiyar titi, kowane gefe, hurumin gwamnatin tarayya ne. Wanda ya yi gini a ciki, ranar rusau ba shi da bakin magana.

Da kuɗina ne, ga abin da zan yi. Miliyan biyu a tsadar siminti ta yanzu, ko ta kai ka linta, za ka zauna ne a shagon da babu kaya. Ka kafa rumfar kwano, ka share wurin salla da tabarmi da butoci, ka ajiye tankin ruwa, ka yi makewayi mai tsabta, na mata daban da ƙofa mai sakata. Motar fasinja mai ɗauke da mata da yara ba ta manta irin wannan wuri. Ka kira mai faci da mai shayi ka ba su gefe kyauta na wata uku, su ne za su riƙa tsayar maka da mota.

Kai kuma ka bar kayan masarufi, ka kasa abin da ka fi kowa sani. Shinkafarku ta Kura, tsintacciya babu tsakuwa, a ɗinke cikin ƙananan buhuna na kwano biyu da kwano biyar, yadda za ta shiga but ba tare da gardama da kwandasta ba. Ka tanadi POS, domin matafiyi ba ya yawo da tsabar kuɗi kamar da, musamman tun wahalar canjin takardun naira a farkon 2023.

Direba shi ke yanke inda za a tsaya. Shayinsa da ruwansa su zama kyauta. Bashi kuwa, ko na kwano ɗaya, a'a. Mutumin da yau yana Kano gobe yana Legas, ina za ka bi shi?

Ka ɓoye kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don damina, lokacin da ciniki ke ja baya. Bayan wata shida ka turo mini abin da littafin ya nuna, sai mu yi lissafin shago ɗaya.