Laftof Ko Tablet: Wanne Zan Saya Wa Ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya samu gurbin karatu a jami'a, kuɗin hannuna kuma abu ɗaya za su saya. Shi tablet yake so, kawunsa ya ce laftof. Ina mafita?
Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa karatunsa albarka. Ni dai ina bayan kawunsa.

Ba na raina tablet. Tawa tana kai ni kusan awa 10 da caji ɗaya, kuma a garin da wuta sai ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ita nake karatu a kishingiɗe bayan isha'i. Amma ranar da na gwada buga rubutu mai shafi 20 a kan gilashinta, yatsuna suka gaji, madannai suka cinye rabin allon, gyaran sakin layi ɗaya ya zama aiki. Ɗalibi kuwa kullum cikin buga aikin gida yake, ga kundin kammala digiri na jiransa. Wasu manhajojin darasi ma sai a kwamfuta mai Windows suke aiki sosai.

Idan aka nuna miki 'yar ƙaramar laftof ɗin nan da ake kira netbook don arha, ki wuce. An yi yayinsu wajen 2008, zuwan tablet ɗin iPad a 2010 ya dusashe su, yau ba su da saurin aiki.

Ko laftof ta hannu za ki saya, ki nemi mai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 8GB da SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri). Ki sa a cire cajar a gabanki, ki ga yadda batirin ke riƙewa kafin ki biya.