Na zauna ƙera motar gwangwani da ɗana, shin gudun gaskiya nake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Unguwar Rogo, Jos, ina da shagon kayan masarufi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ciniki ya ja baya, bashi ya taru a kaina, in dare ya yi babu barci sai lissafi. Kwanan baya na tarar da ɗana yana ƙera mota da gwangwanin madara, na zauna na taya shi yanka tayoyi daga tsohon silifa. Har aka kira magariba ban tuna da bashin ba. Daga baya kunya ta kama ni. Shin wannan ba gudun gaskiya ba ne ga mai iyali?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita, ya buɗa kasuwa. A taƙaice, a'a. Abin da ka yi ya fi maka amfani fiye da lissafin tsakar dare.

A aikinmu na kula da lafiyar tunani mun san cewa ƙwaƙwalwar da ke hango mota a jikin gwangwani ita ce dai ke hango masifa da ƙarfe biyun dare. Baiwa ɗaya ce, ta ganin abin da bai riga ya faru ba. Yaro yana ba ta aikin hannu. Babba kuwa, in damuwa ta yi yawa, sai ya bar ta tana saƙa da warwara: mai shago zai kore ni, mai bashi zai tona min asiri, makaranta za ta koro yara. Jiki ba ya tantance hatsarin da ke gabansa da wanda ake zanawa a zuci, don haka zuciya ta riƙa bugawa, barci ya ƙaurace, gari ya waye mutum ya gaji bai biya ko sisi ba. Lokacin da kake auna taya, kana huda murfin kwalba da ƙusa, hankalinka ya tattaru wuri ɗaya, jikin ya samu sararin sauka.

Batun kunya kuwa, al'ada ce ta ɗora mana ita, ba addini ba. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma yana tsayawa ya tambayi ƙaramin yaro Abu Umair labarin ɗan tsuntsunsa. Girman wa ya kai nasa?

Akwai wani ɓangaren da ya wuce wasa, wato mamaki. A wani bincike da aka wallafa a 2020, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, a Amurka, sun sa wasu dattawa tattakin minti 15 sau ɗaya a mako har mako takwas. Rabinsu an ce su riƙa kallon abin da ke kewaye da su tamkar yau suka fara ganinsa. Waɗannan sun fi sauran bayar da rahoton godiya da tausayi da raguwar ƙunci. Abin da ya fi burge ni shi ne hotunan da suka riƙa ɗaukar kansu: a hankali fuskarsu ta riƙa ƙanƙancewa a cikin hoton, bishiyoyi da sararin sama suna cin wuri. Binciken ƙarami ne, ba zan ce maka magani ba ne, amma ya yi daidai da umarnin da muka haddace tun muna makarantar allo, a Suratul Gashiya, na a dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa.

Kai kuwa a Jos kake. Mutane na biyan kuɗin mota daga nesa don su ga duwatsun Shere da dutsen Riyom, wanda aka ɗora wani kan wani kamar da hannu. Yaushe rabon da ka ɗaga kai ka kalli dutse a hanyarka ta zuwa shago? Gidan tarihi na Jos yana nan tun 1952, kuma a harabarsa akwai kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya, ginin ƙasa zalla. Ka kai yaron wata ranar, ka bar shi ya yi ta tambaya, in ba ka san amsa ba ku yi hasashe tare. In an ɗauke wuta, maimakon kowa ya duƙufa kan waya, ka ce "ga ta nan, ga ta nanku", ka ba Gizo sabuwar dabara da ba ta cikin tatsuniyar kakarka.

Sai dai a yi hattara. Wasa yana zama gudun gaskiya ne idan ya maye gurbin abin da ya wajaba, kamar mutum ya daina ɗaga wayar mai bashi ko ya kwana yana latsa TikTok. Alamar mai sauƙi ce: wanda ya huta yakan tashi da ɗan ƙarfin fuskantar matsala, wanda ya gudu yakan tashi da ƙarin nauyi. Ka ware wa bashin lokacinsa da rana, da biro da takarda, ka rubuta wa ke binka nawa, ka je ka same su ku tsara biya.

Idan kuma rashin barcin ya haura mako biyu, abinci ya fita ranka, abin da ke faranta maka a da ya daina, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, to wannan ya wuce motar gwangwani. Ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ka tafi da wani ɗan'uwa da ka amince da shi.